Ruwan da Na Hana a Zuƙe

Na ƙi dangwala yatsa a takardar yasar rijiyar garinmu. Sau biyu ana sake rubuta ta, sai a ta uku na yarda. Ban yi lakwal ba, makarantar boko, ko sunana ba na iya rubutawa, amma ni ne mai shiga ramin.

Gina rijiya gado na yi. Ubana ya yi, wana ya yi, ni ma tun gemu bai fito mini ba nake sauka. Ruwa a ƙasarmu yana da nisa. Tsakanin Mayahi da Kanan-Bakaché akwai rijiyoyin da jaki zai ja igiya har ya ƙanƙance a idonka kafin wasaki, gugan fata, ya leƙo baki. In kana ƙasan irin wannan rijiya ka ɗaga kai, sama ba ta fi faifai girma ba.

Wana a rijiya ya mutu, a wani ƙauye wajen Tchaké. Mai aikin ya kawo famfo ya zuƙe ruwan kaf cikin yini ɗaya, wai don mu yi haƙa a busasshe. Washegari muka sauka mu biyu. Ashe ƙasan rairayi ne mai gudu. Irin wannan rairayi nauyin ruwa ne ke danne shi. In ka ɗauke ruwan, sai ya kwararo ta ƙarƙashin zoben siminti kamar kunu, bayan zoben ya zama kogo, zobban sama su zauna. Haka aka yi. Shi zobe ya danne shi. Ni rairayi ya riƙe ni har ƙirji, daga hantsi zuwa la'asar, ina kallon tafin ƙafarsa. Taubashina, ɗan kawuna, shi ya ciro ni da igiya. Ƙafata ta hagu ba ta koma daidai ba. Bayan wata biyar na koma aiki, don ban iya wani ba.

Shekaru sun wuce. Sai rijiyar garinmu ta fara ja da baya. Tsohuwa ce, wani furoje na masu aikin raya karkara ya gina ta tun ina goye, kuma ita kaɗai gare mu. Da bazara mata su jefa wasaki ya fito da rabin ƙasa. Meri, wato ofishin magajin gari, ta ce za a yashe ta, a ƙara mata zurfi. Aka ba wani ɗan kwangila daga birni aikin, ni kuma aka ce ni ne shugaban masu sauka. Aka ce sai an yi takarda mai faɗin yadda aikin zai tafi daga farko zuwa ƙarshe, meri ta sa hannu, ɗan kwangila ya sa, ni ma in sa. Abin da takarda ta ce shi za a yi. Abin da ba ta ce ba, ko ka yi kuka ba mai kawo maka shi.

Ranar kasuwa muka tafi biro, ofishin meri, ni da taubashina. Shi ke riƙe mini igiya fiye da shekara ashirin, kuma bakinsa ba ya hutawa. Mai kula da sha'anin ruwa a meri wata mace ce, ta yi karatun aikin a birni. Malama muke ce mata. Tana zaune gaban ordinata, wato kwamfuta, ɗan kwangila na gefe da makullin mota a hannu.

Ya turo mini takardu ya ce, "Baba, dangwala nan da nan, mu kama hanya."

Na ce, "A karanta mini."

"Faransanci ne fa."

"To a juya."

Ya dubi agogo. Malama ta yi murmushi ta ce ba wuya, injin da ya taya ta rubutawa zai juya mana zuwa Hausa. Ta faɗi sunansa, ban riƙe ba. Ta ce ita ta ba shi tsohon littafin da masu furoje suka bari, ta gaya masa zurfin rijiyar da abin da ake son yi, shi kuma ya tsara. Aikin da kan ci mata kwana huɗu, kafin shayi ya tafasa ya gama. Daga nan ta bi shi layi layi ta gyara.

Ta fara karantawa. Hausar ta fito irin ta rediyo. Taubashina ya zungure ni ya ce, "Wanga ɗan Kano ne. Ka tambaye shi ko ya taɓa shan fura da yashi."

Ban yi dariya ba, saurare nake. Gaskiya abin ya iya tsari. Ya ce kowa ya sa hular kwano. Ya ce kada a saukar da inji mai hayaƙi cikin rami. Ya ce a gwada iskar ƙasa kafin mutum ya sauka, abin da mu muke yi da fitila tun kakanni. Ina ta gyaɗa kai. Sai Malama ta zo wurin da ya ce ranar farko a sa famfo da gurup, injin wuta, a zuƙe ruwan duka, rana ta biyu mutum huɗu su sauka su haƙa mita biyu.

Na ɗauki sandata na miƙe.

Malama ta ce, "Baba, lafiya?"

"Wannan takardar kisa ce. Ba na sa yatsa."

Ɗan kwangila ya ce, "Haba Baba! Rijiya nawa na yi da wannan tsari?"

"Wannan ba ka yi ba."

Malama ta buɗe tsohon littafin ta nuna mini wani layi, kamar zan gane. Ta ce, "An rubuta nan, ƙasan laka ce mai tauri. A kan laka, zuƙe ruwa ba ya ɓarna."

Na ce, "Wanda ya rubuta, ya sauka?"

"Ban sani ba."

"Injinki ya sauka?"

"A'a."

"Ni na sauka sau uku. Biyu ciro wasaki, ɗaya ciro akuya. Ƙafata ta taka wurin. Rairayi ne."

Ba ta yi mini gardama ba. Ta juya ta rubuta wa injin abin da na ce, ta karanta mana amsarsa. Ya ce in ƙasan rairayi ne mai gudu, to abin da ya rubuta yana da haɗari, kada a yi aiki da shi. Ya ce shi a kan littafin da aka ba shi ya dogara.

Na yi aiki da mutane da yawa, ban taɓa ganin wanda aka ce ya yi kuskure ya amsa da sauri haka ba. Har na fara jin daɗi. Sai ɗan kwangila ya matso da kujera ya ce, "Madam, gaya masa littafin injiniyoyi ne suka rubuta, shi kuwa tsoho da ƙafa ya auna." Ta rubuta. Injin ya ce in laka ce kamar yadda littafi ya nuna, tsarin farko yana nan daidai, amma ya kamata a tabbatar.

Taubashina ya tafa hannu ya ce, "Ka ji ɗan sulhu! Kowa nasa ne."

Malama ta rufe ordinata ta ce, "Ba shi zai raba wannan gardama ba. Bai ga ramin ba, ni ma ban gani ba. Gobe ina zuwa garinku."

Daga ranar na san da wa nake aiki.

Da hantsi ta iso bisa moto, wato babur, ta ɗaure zane kan wando. Mata suka ja baya daga bakin rijiya suna kallo. Ta sa salularta cikin leda mai haske, ta kunna abin ɗaukar hoto, ta rataya mini a wuya. Ta ce kada in taɓa komai, in dai juya ƙirjina wajen abin da nake son ta gani. Na ɗauki rodi mai tsawon gaba ɗaya da rabi, da guduma, da ƙwarya. Muka saukar da fitila, ta dawo tana ci. Na yi bisimilla.

Taubashina na sakin igiya yana cewa, "In ka jiƙa salular Malama, can za ka zauna."

A ƙasa ruwa ya kawo mini ciki. Na kafa rodi na danna da hannu ɗaya. Ya shige duka, ko tirjewa bai yi ba. Na zare na sake a wani gefen, haka. Na ɗebi ƙasan a ƙwarya. Da ana jawo ni sama na ce a tsaya a zobe na uku, na buga da guduma. Zobe mai ƙasa a bayansa amsawarsa gajera ce. Wannan ya amsa kamar tulun da ba ruwa. Na huɗu ma haka.

Da na fito Malama ta zuba ƙasan a kwalba da ruwa ta girgiza. Kafin ta ajiye kwalbar ya kwanta, ruwan ya washe. Laka ba ta yin haka. Ta zauna gindin aduwa ta kalli hoton sau biyu, ta kara salula a kunne don ta ji ƙarar guduma. Daga nan ta aika wa injiniyan da ke samansu. Kafin azahar ya kira ta. Na ji ta tana amsa masa da Faransanci, "wi, wi", ba iyaka. Da ta gama ta ce, "Baba, ya ce a bi maganarka."

Na ce, "To."

Bayan kwana biyu muka koma biro don takarda ta biyu. Ta ce in faɗi yadda nake aiki a irin wannan ƙasa, ita ta rubuta, injin ya tsara. Ni ban iya dogon bayani ba. Na faɗi na ƙarshe kafin na farko, na koma tsakiya. Ta zuba masa duka yadda na faɗa. Sai ya dawo da tambayoyi. Ruwa nawa za a bari? Na ce iya ƙirjin mai haƙa. Malama ta miƙe da abin awo ta auna ni daga ƙasa zuwa ƙirji, ta sa masa da mita. Mutum nawa a ƙasa? Biyu, ba huɗu ba. Har yaushe mutum zai zauna cikin ruwa? Na ce har haƙoransa su fara haɗuwa. Ta ce wannan ba ya shiga takarda, muka tsaya a kan awa ɗaya. Yaya na ƙasa zai sanar da na sama? Ja ɗaya a tsaya, biyu a ja wasaki, uku a ciro mutum. Kogon bayan zobe fa? A huda, a ɗura tsakuwa.

Da ta karanta mini, maganata ce, amma kowace a mazauninta. Ni kaina ban san aikin nawa yana da tsari haka ba. A jikina yake, ban taɓa jin sa a jere ba.

Sai ta zo wani layi da ban faɗa ba. Ya ce duk wanda ke ƙasa ya zauna da igiya ɗaure a jikinsa har ya fito, kowa da igiyarsa a gwafarta daban, da mai riƙonta daban.

Na ce, "Cire wannan. Ba nawa ba ne."

"Don mi, Baba?"

"In mun sauka kwancewa muke. Igiya tana harɗe mutum, tana hana shi sunkuyo. Ubana bai yi aiki a ɗaure ba."

Ta ce, "Kai ka gyara masa, ya karɓa. Shi ma ya kawo nasa, ka duba shi tukun."

"Na duba. Cire."

Taubashina yana tsugune bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ranar Tchaké, sau nawa na jefa maka igiya kafin ka kama?"

Na juya na dube shi.

Ya ce, "Ni na ƙirga. Hannunka ɗaya rairayi ya ci, ɗayan bai kai ba. Da a ɗaure kake, da tun hantsi ka fito."

Tun da abin ya faru bai taɓa yi mini maganar ba, ko da wasa. Na juya wajen Malama na ce, "A bar shi."

Na ɗauka an gama. Har na goge yatsa a riga. Malama ce ta riƙe takardar ta ce a dakata. Ta sake bin wani wuri da ido ta ce, "Nan ya ce a rufe rijiya ga kowa har aikin ya ƙare, a riƙa rage ruwa da ƙaramin famfo. Sati uku, da bazara, a garin da ke da rijiya ɗaya. Matanku ina za su? Shanun Fulanin da ke tungar gabas fa?"

Ni wannan ya wuce ni, hankalina yana ƙasan rami. Ta ce ita a ƙauye ta tashi, ta yi jan ruwa tun tana ƙarama, ta san abin da rufe rijiya yini ɗaya ke yi wa gida. Muka yi shawara mu uku. Taubashina ya ce ai mata in sun yi ja daga asuba zuwa hantsi, Fulani su bi da bijimai, ruwan da kansa yake sauka. Na ce yana sauka iya ƙirjina, kuma a hankali, yadda rairayi ba ya farkawa. Malama ta ce to su ne famfon. Gari ya sha da safe, mu sauka bayan su, a tashi da la'asar, ruwa ya taru kafin gobe. Ta gaya wa injin, ya sake tsarawa, ya ƙara da cewa a sa mutum ɗaya mai hana kowa matsowa bakin rijiya muddin akwai mutum a ƙasa. Wannan ba wanda ya yi musu.

Ita ce takarda ta uku. Ta karanta mini ita da Hausa daga farko har ƙarshe, na sa ta maimaita wurin ruwa. Ɗan kwangila ya yi gunaguni, wai aikin sati ɗaya ya koma uku. Amma ya ga hoton, ya ji maganar injiniya, ya sa hannu. Ba mugun mutum ba ne, gaggawa gare shi. Na dangwala yatsa.

Muka fara aiki. Haƙa cikin ruwa wahala ce. Ba ka ganin abin da kake yi, da ƙafa da hannu kake lalube. Ka nutsa, ka ciko bokiti, ka juye a wasaki, ka ja igiya biyu, ka lafe jikin bango har ya wuce. Igiyar da ke ɗaure a ƙuguna ta dame ni kwana uku na farko, ina ta zaginta. Taubashina daga sama yana cewa, "Zage ta da kyau, ɗan Kano ne ya ba ka ita."

Malama tana zuwa duk bayan kwana biyu da takardar a jaka. Rana ɗaya ta iske wani cikin masu sauka ya kwance igiyarsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka fito da shi, ta karanta masa layin, ta ce yau a sama zai yini. Ya dube ni yana jiran in shigar masa. Na kau da kai.

Rana ta goma sha ɗaya, muna ƙasa mu biyu, na ji ƙasa ta yi laushi ƙarƙashin tafina. Na san wannan laushin. Ruwa ya gurɓace, ya fara tasowa wuyana. Zoben da ke saitin kaina ya yi ƙara. Na ja igiyata uku, na ja ta abokina uku. Kafin in ja numfashi na biyu ƙafafuna sun bar ƙasa. Rairayi ya tsare takalmina ɗaya. Muna hawa ina kallon zoben. Ya zauna kamar tsawon tafin hannu, ya tsaya. Ruwan da muka bari ya danne rairayin, bai samu hanyar gudu ba.

Da muka fito na zauna a ƙasa. Mata sun taru, wata tana salati. Taubashina ya miƙo mini ruwa a moɗa. Ya ce, "Ina takalmin?"

Na ce, "Na ba rijiya."

"Gara shi. Dama ya tsufa, kamar mai shi."

Kwana biyu ba wanda ya sauka. Malama ta zo, ta sa aka auna zoben, ta rubuta abin da ya faru, injin ya taya ta tsara rahoton, ta karanta mini kafin ta aika. Na gyara wuri ɗaya. Ya ce zobe ya tsage, na ce bai tsage ba, zama ya yi. Muka ɗura tsakuwa a kogon yadda takarda ta ce, muka ci gaba. Rana ta goma sha tara muka kai zurfin da ake nema. Mutum shida muka fara aikin, mu shida muka gama.

Wannan ce rijiya ta ƙarshe da na shiga. Ƙafar ta daina ɗaukata, numfashi ma ya rage. Yanzu ina gida, ina noma hatsi a gonar ubana, taubashina na zuwa yana damuna da surutu. In za a yi takardar wata rijiya a kwamin ɗinmu, wato yankin merinmu, Malama kan aiko moto ya ɗauke ni. In zauna a biro, ta karanta abin da ita da injin suka tsara, ni in saurara. Inda na taɓa sauka in faɗi abin da ke ƙasa. Inda ban taɓa ba, in ce a aika mutum da rodi.